Tambaya da Amsa: Masu gudu goye da bindiga, me suke yi in ƙanƙara ta narke?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Tun ranar da bakina ya suɓuce na ambaci wasan nan bayatalon, na gudun zamiya kan ƙanƙara haɗe da harbin bindiga, a wannan fili, a layi biyu kacal fa ina tsakiyar wata maganar daban, wayata ba ta huta ba, saƙo kan saƙo, wasu tambaya wasu musu wasu kuma tsokana ce kawai ta kawo su, wai ni da nake zaune a Agege ina fama da zufa da ƙarar janareto ina ruwana da ƙanƙara. To na tsinci masu ma'ana, masu kama da juna na haɗe su waje guda. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni mai shayi ne a nan Agege. Wani yaro da ke zama teburina ya nuna min bidiyo a waya, Turawa maza da mata sun ɗaura wani abu mai taya a ƙafa, sanda biyu a hannu, bindiga a goye, suna sheƙa gudu kan kwalta da rana tsaka. Na ce sojoji ne ya ce 'yan wasa ne, har na yi alkawarin in shi ke da gaskiya zan ba shi shayi da biredi kyauta. A raba mana gardama.

Amsa: Maigida haɗa wa yaro shayinsa, mai kauri, amma biredin ku raba biyu don kai ma ba ka faɗi warwas ba. Wasa ne, abu biyu aka gwama a ciki, gudun zamiya kan dusar ƙanƙara da harbin bindiga. Sai dai asalinsa na soja ne, dakarun da ke gadin iyakar Nowe da Suwidin tun ƙarni na 18 su suka fara gwada juna a kai, kuma a gasar Olamfik ta hunturu ta farko da aka yi a Chamonix ta Faransa a 1924 abin da aka yi sunansa ma sintirin soja. Sai a 1960 a Squaw Valley ta Amurka ya shiga Olamfik da kamanninsa na yanzu, mata kuwa sai da suka jira har 1992. Har gobe da yawa daga cikin 'yan wasan a takarda soja ne ko ɗan sanda ko ma'aikacin kwastan, zan zo kan wannan a ƙasa.

Abin da yaron ya nuna maka ba gasar ba ce, noman ne. Su gasarsu daga ƙarshen Nuwamba take farawa ta ƙare a Maris, wata huɗu ke nan, daga nan ƙanƙara ta narke. Zafinsu kuma, wato daga Mayu zuwa Satumba, daidai yake faɗowa da daminarmu, lokacin da mutanenmu ke barin Legas su koma gida gona su ma lokacin suke duƙawa nasu aikin. Abin da ka gani a ƙafarsu ana ce masa rola siki, ɗan falle ne na ƙarfe mara nauyi tsawonsa kamu guda da ɗoriya, taya ɗaya gaba ɗaya baya, takalmin a maƙale ta wajen yatsu kawai diddige a sake. Da shi suke kwaikwayon zamiyar ƙanƙara a kan kwalta, bakin sandunan ma ƙarfe ne mai tauri da ake wasawa don ya ciji titi. Birki kuwa babu, wallahi babu, in gangara ta zo sai dabara da addu'a, shi ya sa za ka gan su da hular kwano. Har gasa suke yi a haka, akwai wadda ake yi duk shekara a Sandnes ta Nowe mai suna Blink, a cikinta akwai hawan Lysebotn, kilomita 7.5 na hawa zalla kwana kan kwana, daga gindin dutse zuwa sama ya haura mita 600.

Tambaya: Yaya ina gaisuwa. Ina cikin masu gudun safe a wajen filin wasa na ƙasa a Surulere, na yi gudun marato na Legas sau biyu. Matsalata kullum na fita sai na ƙure kaina don a ganina in ban galabaita ba ban yi tirenin ba, amma ga shi gwiwa ta dame ni kuma lokacina ya ƙi raguwa. Su waɗannan manyan ya suke yin ranarsu? Na san dai kullum a wuta suke.

Amsa: Ƙanena a nan ka yi kuskure, kuma saboda tambayarka na ga ya kamata a buɗe maganar nan gaba ɗaya. Ba kullum suke a wuta ba. In ka tsaya bakin hanya ka ga zakaran duniya yana atisaye a watan Yuni za ka rantse rago ne, tafiya yake sululu yana hira da na kusa da shi, har kai da ciwon gwiwarka sai ka ji kamar ka wuce shi.

Bari in ɗauko maka daga tushe. Ana gama gasar ƙarshe a Maris, galibi a Holmenkollen da ke Oslo, sai su ajiye komai, Afrilu watan hutu ne, a je ganin dangi a ci abin da rai ke so a yi jinyar inda ke ciwo. Farkon Mayu sabuwar shekarar atisaye ke kamawa. Manyansu a shekara suna yin awa 700 zuwa 900 na motsa jiki zalla, ban da lokacin harbi, kuma kaso mafi tsoka a watannin zafin nan ake tara shi, akwai makon da mutum zai yi awa 25 har 30. Daga cikin wannan tulin awoyi wajen kashi 80 cikin 100 ko ma fiye a hankali ake yinsu, bugun zuciya a ƙasa, yadda za ka iya magana ba tare da haki ya sarƙe ka ba. Mai zafin, wanda ake fita hayyaci, sau biyu ne a mako, in ya yi yawa uku. Dalili kuwa shi ne dogon aiki a hankali shi ke gina zuciya ta riƙa turo jini da yawa a bugu ɗaya, shi ke ƙara 'yan ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, kuma jiki na iya ɗaukarsa yau ya ɗauka gobe. Shi kuwa mai zafin kamar yaji ne, kaɗan ya gyara miya, in ka juye gwangwani guda ba mai ci. Kai abin da kake yi kullum tsaka-tsaki ne, bai yi sanyin da jiki zai ginu ba bai kuma yi zafin da zai ƙara maka sauri ba, gajiya kawai kake tarawa.

Ranarsu kuwa wallahi ba abin sha'awa a ciki, in aka ɗauke ta a fim ba mai kallo. Mutum ya tashi wajen bakwai, kafin ya sauko daga gado ya duba agogon hannu ya ga bugun zuciyarsa na hutu, in ya haura yadda ya saba to alama ce jiki bai warware ba ko mura na tafe, sai a kira koci a rage aikin ranar. A karya da kunun hatsin nan oti da biredi da ƙwai. Wajen tara a fita zangon farko, awa biyu zuwa uku kan rola, sau da yawa haɗe da harbi, a zagayo a shigo fili a kwanta a harba biyar a tashi a sake zagayowa a harba biyar a tsaye, haka haka har a gaji da ƙirga. A dawo a ci abincin rana a kwanta barci, kuma barcin nan ba lalaci ba ne cikin aikin yake. La'asar a sake fita, ko keke ko gudu a daji ko ɗaga ƙarfe, su ƙarfen ma ba don ƙirji ya buɗe a ɗau hoto ba, baya da ciki da kafaɗa ake nema saboda tura sanda. 'Yan Nowe har cikin fadama suke gudu, ƙafa na nutsewa cikin taɓo, don ya wahalar da tsoka ba tare da ya daki gwiwa ba, ka ji inda dabara take. Wasu ranakun kuma a ɗau sanduna a hau dutse a ƙafa awa huɗu biyar. Da daddare a ɗauko bindiga ba harsashi a tsaya a ɗaki ana saiti. Kafin goma an kwanta, ko da yake a can arewacin Turai a watan Yuni goma na dare rana ba ta gama faɗuwa ba sai an ja labule mai kauri.

Ci kuwa suna ci ba wasa, a ranar aiki mai nauyi abin da jikinsu ke ƙonawa ya ninka na mai zaman ofis, taliya da dankali da shinkafa, har a kan hanya suna tafe suna kurɓar ruwa mai sukari daga jarkar da ke ɗaure a ƙugu. Wanda ya ce zai rage ci don ya yi sauƙin hawa dutse shi ne kan karye a tsakiyar shekara.

Sannan ba a jera makonni masu nauyi ba iyaka, galibi biyu ko uku ne sai a saka ɗaya mai sauƙi. Lokaci lokaci koci ya huda musu yatsa ko kunne ya ɗigi jini ya auna, ya ga ko sun wuce ƙa'ida, kuma abin mamaki yawancin faɗan da koci ke yi a watannin nan ba na ka ƙara wuta ba ne, na ka rage ne. Akwai kuma zuwa sansani a kan tsauni, irin Font-Romeu a Faransa mai tsayin wajen mita 1,800, a yi mako biyu uku inda iska ta yi ƙaranci don jini ya saba, tunda wasu filayen gasar kamar Antholz ta Italiya a wajen mita 1,600 suke.

Abin da suka fi tsoro ba wahala ba ce, mura ce. Mako guda a kwance na iya rusa aikin wata. Ole Einar Bjørndalen na Nowe, mai lambar Olamfik 13, takwas na zinare, an san shi da yawo da injin zuƙe ƙurarsa duk otal ɗin da ya sauka sai ya share ɗakin da kansa. Ga kuma masu gwajin ƙwaya, dole kullum ka rubuta musu awa guda da inda za a same ka, ko ranar bikin ƙanwarka ne, in aka neme ka aka rasa sau uku cikin wata 12 hukunci ya hau kanka ko ba ka sha komai ba.

To kai dai ga shawara: cikin fita biyar huɗu ka yi su da saurin da za ka iya ba abokinka labari, ɗaya ka ƙure. Za ka ji kunya makon farko in 'yan mata da dattawa suna wuce ka a Surulere, ka daure. Gwiwar kuma ka kai ta asibiti a duba, ni ba likita ba ne.

Tambaya: Ni tsohon soja ne, yanzu ina gadi a wani kamfani a Apapa. Na ji ka ce mita 50 suke harbi. Haba malam, mita 50 ai ko yaron da ya shiga Depot jiya ba zai kuskure ba. Wannan wasan yara ne aka ɗaura masa suna.

Amsa: Baba ranka ya daɗe, ban isa in yi musun bindiga da kai ba, ni ko ta farauta ban taɓa harbawa ba. Amma a ba ni dama in faɗi yadda abin yake sai ka yanke hukunci da kanka.

Mita 50 ne gaskiya, kusan rabin filin ƙwallo, kuma bindigar ƙarama ce mai harsashi .22, tun 1978 aka koma kanta daga manyan bindigogin soja. Nauyinta ba ya gaza kilo 3.5 kuma a bayanka take tun daga farkon tsere har ƙarshe. Ba madubin da ke jawo nesa kusa, haramun ne, ɗan rami ne kawai da zobe. In a kwance za ka harba, inda ake so ka samu faɗinsa milimita 45 ne, bai kai gindin ƙaramin gwangwanin tumatir ba. In a tsaye ne milimita 115, faifan CD ya ɗan fi shi. Faifai biyar harsashi biyar. Duk wanda ka kuskure sai ka shiga wani ɗan zagaye na mita 150 ka biya tara, daƙiƙa ashirin da 'yan kai ke nan sun tafi, a tseren da wani lokaci daƙiƙa biyar ke raba na ɗaya da na huɗu. A tsere mafi tsawo, kilomita 20 na maza 15 na mata, ba zagaye ma, minti guda cur ake ɗora maka.

Duk wannan da sauƙi Baba in da mutum daga kan kujera ya taso. Amma shi ya sha gudun kilomita uku ko huɗu da hawa da gangara, ya shigo fili zuciya na dukan wajen 170 zuwa 180 a minti, ƙafa na rawa, iska na kaɗa 'yan tutocin da ke gaba, dubban mutane na ihu a bayansa, kuma cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 ake so ya sauke bindiga ya harba biyar ya mayar ya wuce. Jiki na cewa a ba ni iska, shi kuma dole ya fitar da rabin numfashi ya riƙe sauran ya matsa kunama a hankali. Sau biyar.

Ni da kaina na raina abin sai da na gwada. Ranar wata Asabar na ari danƙon yaron maƙwabta na jera gwangwanin madara biyar kan katangar bayan gida, na ja baya taku goma, na kakkaɓo huɗu, har na fara jin kaina. Sai na hau benen gidanmu hawa uku da gudu na sauko, sau biyar, na dawo na ɗau danƙo. Baba hannuna kamar na mai zazzaɓi, gwangwanin nan sai rawa yake a idona, ina ja ina jin bugun zuciyata har cikin yatsa. Ɗaya na samu. Dutse na huɗu kuwa ya tsallake katanga ya sauka a bahon wankin wata Iya da ke gidan baya, abin da ta faɗa min da Yarbanci ban gane rabinsa ba amma na tabbata ba addu'a ba ce.

Shi ya sa a watan Mayu da Yuni sukan fara da harbi a natse ba gudu, ana gyara tsayuwa da kwanciya da yadda kumatu ke zama kan bindiga, wasu har sabon kututture ake sassaƙa musu daidai jikinsu kamar ɗinkin tela. Sai a hankali a riƙa haɗawa da haki. A shekara manyansu kan harba harsashi dubu goma sha wani abu har zuwa 20,000, ban da na ɗaki wanda ba harsashi, inda mutum zai manna 'yan ɗige baƙaƙe biyar a bango ya tsaya yana saiti yana jan kunama ƙyas ƙyas, minti ashirin ko talatin, yau da gobe da jibi har shekara goma sha. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma da duk wannan, gwanayensu cikin goma tara suke samu in an haɗa lissafin shekara, kuma an sha ganin zakara ya shigo harbin ƙarshe shi ke gaba ya zubar da uku ya ƙare na goma sha.

Tambaya: Wai da gaske ne suna ajiye ƙanƙara tun ta bara? Wani ne ya faɗa a majalisarmu a Mile 12 muka ce ƙarya yake.

Amsa: Ku ba shi haƙuri, gaskiya ya faɗa. Kun san yadda masu sayar da ƙanƙarar buloka ke binne ta cikin garin katako su rufe da buhu ta wuni ba ta narke ba? To shi ne, sai dai nasu tsauni guda ne. Kafin hunturu ya fita sai su tara dusar ƙanƙara tuli guda da katafila, su lulluɓe da garin katako mai kauri irin wanda aka san Oko Baba da shi, ta kwana ta wuni har zafi ya wuce kuma fiye da rabi na tsira. Oktoba ko Nuwamba a buɗe a shimfiɗa hanya. Östersund ta Suwidin da Davos ta Suwizalan duk suna yi. Ban da wannan akwai ramin da aka gina kamar firiza, a Vuokatti ta Finlan da Torsby ta Suwidin, kowanne ya haura kilomita ɗaya, da wani babban zaure a Oberhof ta Jamus, a watan Agusta mutum ya shiga da rigar sanyi ya yi zamiyarsa ya fito ya tarar da rana. Wasu kuma su hau tsaunin Dachstein a Ostiriya inda ƙanƙarar ba ta ƙarewa. Suna yi ne don rola duk kyanta ba ta zama ƙanƙara ba, ƙafa na mantawa. Ni dai abin da na tsaya tunani shi ne kuɗin wutar firizar nan.

Tambaya: Malam ni 'yar kasuwa ce a Idi-Araba. Wannan rayuwa da ka ce ba biki ba suna ba zaman gida, to matan cikinsu suna aure kuwa? Sannan wa ke ciyar da su tunda ba kasuwa suke zuwa ba?

Amsa: Hajiya barka da kasuwa. Suna yi, suna haihuwa ma su dawo. Marie Dorin Habert ta Faransa ta haihu a Satumban 2014, a Maris na 2015 ta ci zinare biyu a gasar duniya a Kontiolahti, wata shida ke nan tsakani. Darya Domracheva ta Belarus, matar Bjørndalen ɗin nan mai injin shara, ta haihu a Oktoban 2016 ta ci azurfa a gasar duniya a Fabrairun 2017. Justine Braisaz-Bouchet ma ta haihu a farkon 2023 ta zama zakarar duniya a 2024. Amma kar a ɗauka abin banza ne, akwai likitoci a kansu, akwai miji ko kaka da ke bin su sansani da goyo, don mutum kan yi fiye da rabin shekara ba ya kwana gidansa.

Batun ci kuwa nan ne mai shayinmu na Agege ya ci rabin biredinsa. A Jamus da Italiya da Faransa gwamnati ce ke ɗaukar su aiki a soja ko 'yan sanda ko kwastan, albashi na shiga duk wata, aikinsu shi ne atisaye, in sun yi ritaya daga wasa ga aiki na jira. Magdalena Neuner ta Jamus ma'aikaciyar kwastan ce lokacin da take wasa, Martin Fourcade na Faransa da ya riƙe kofin duniya shekara bakwai a jere daga 2012 zuwa 2018 soja ne a lokacin, Dorothea Wierer ta Italiya ta yi wasa a ƙarƙashin 'yan sandan kuɗi. Sai kuɗin gasa da na kamfanonin da ke manna sunansu a hula da jikin bindiga. Na sama sama suna samu sosai, amma kar ki kwatanta da 'yan ƙwallo, ko kusa. Na ƙasa kuwa da yawa iyaye ne ke ɗauke da su, wasu na haɗawa da karatu, harsashi kaɗai ya ishi aljihu kuka.

Tambaya: Yaya shekarata 19, ina taya babana sayar da dabbobi a Alaba Rago, ina da gudu kuma ina wasan takalmi mai taya. Tsakani da Allah zan iya wannan wasan daga Legas?

Amsa: Ƙanena tsakani da Allah ka ce, to ba zan yi maka daɗin baki ba. Ka kai matakin waɗannan da muke magana daga nan, da wuya ƙwarai. Yawancinsu tun suna shekara uku huɗu aka ɗora su kan ƙanƙara, kafin su kai shekarunka sun yi shekara goma sha biyar suna zamiya. Ga batun bindiga, a ƙasar nan sai da lasisi, kuma ina roƙonka kar ka ko gwada rataya wani abu mai kama da ita ka hau titin Legas, ko ta katako ce, kafin ka yi bayani an gama da kai.

Amma ban ce ƙofa a rufe take ruf ba. Philip Boit ɗan Kenya mai gudu ne aka kai shi Finlan ya koyi zamiya, ya je Olamfik ta Nagano a 1998 ya zo na ƙarshe a tseren kilomita 10, wanda ya ci tseren Bjørn Dæhlie ya tsaya a bakin layi ya jira shi ya rungume shi, daga baya Boit ya sa wa ɗansa sunan mutumin. Jaqueline Mourão daga Barazil, ƙasar zafi irin tamu, ta yi bayatalon a Olamfik ta Sochi a 2014. Mu ma tutarmu ta je, 'yan matan nan su Seun Adigun sun shiga tseren amalanken ƙanƙara a 2018, Samuel Ikpefan kuma ya yi gudun zamiya a Beijing a 2022, ko da yake shi a Faransa aka haife shi ya tashi. Ka lura dai kusan duk sai da suka samu hanyar zuwa inda ƙanƙarar take.

Wanda ya fi kusa da hannunka shi ne ɗan'uwan wasan na zafi, wanda hukumar harbi ta duniya ke shiryawa: gudun mita 400 sau uku a ƙafa, tsakani a tsaya a harbi faifai biyar da bindigar iska daga mita 10. Ba ƙanƙara ba tsauni, fili irin na Surulere ya isa, abin da ya rage a samu masu shiryawa da izini. Kafin nan gina injin, shi ba ya buƙatar lasisi. Ka fita da asuba bayan sallah kafin zafi da hayaƙin danfo su taso, doguwar tafiya a hankali yadda na gaya wa ɗan'uwanka na sama, ka sha ruwa sosai don zufar Legas ba irin ta Nowe ba ce. In Allah ya kai ka Jos ko Pankshin wajen sayen dabbobi ka nemi masu gudun can ka bi su kwana biyu ka ji yadda tudu ke yi wa huhu, Mambila ma tsayinta ya kai na Antholz ɗin da na ambata. Takalminka mai taya kuma ka nemi layin da ba mota ko cikin wata makaranta ranar Lahadi, ka sa hular kwano, ka daina kama bayan danfo in kana yi, na san halinku.